Wata biyu ban ci ƙwai da nama ba amma kitsen jinina ƙaruwa ma yayi, ina matsalar take?

Baban Ummi:

Salam 'yan'uwa. Dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara don ni kam kaina ya kulle.

Shekarata 46. Wata biyu da suka wuce naje asibiti akan wani ciwon kai da yaƙi tafiya, sai likita yace tunda nazo a haɗa harda gwajin kitsen jini. Sakamako ya fito, kolestarol gaba ɗaya 246, LDL wato mummunan kolestarol 164, HDL wato mai kyau ɗin 38, sai wani mai dogon suna tiraigilisarayid 220. Yace duka sunyi sama banda HDL ɗin da shi kuma ƙasa yayi, inje in rage maiƙo in dawo. Ko minti biyar bamu yi ba ya kira na gaba, ban samu damar tambayar komai ba.

To ni abinda na ɗauka shine maiƙo ne duk matsalar. Tun ranar ban ƙara sa ƙwai a bakina ba, nama na bari, bota na bari, har madam ta fara ƙorafi don tukunya biyu take ɗorawa kullum. Da safe burodi yanka huɗu ko biyar da shayi, na cire sukari na koma zuma babban cokali biyu tunda ance tafi lafiya. Da rana farar shinkafa faranti cike kusan ba mai, da dare taliya. Sai yunwa ta dinga damuna a tsakani shiyasa na ajiye biskit a durowar ofis da jus na kwali irin wanda aka rubuta ba'a ƙara sukari ba, ina shan kamar kofi uku a rana.

Jiya na karɓo sabon sakamako. LDL ya sauko 142 alhamdulillah, amma shi mai dogon sunan ya haura 310, HDL kuma 36. Wlh sai da na zauna a mota na ƙara duba sunan dake jikin takardar ko ta wani aka bani. Mutum yabar maiƙo kuma kitse ya ƙaru, daga ina yake zuwa? Me ya rage in bari, ruwa?

Abu Safwan:

Allah ya ƙara lafiya Malam. Ka dinga haɗiyar tafarnuwa ƙwaya biyu da safe ka bi da ruwan ɗumi da lemon tsami, wani abokin aikina yace narkar da kitse yake. Kuma ka cire mai kwata-kwata daga girki ko ɗigo.

Maman Hanif:

Wa alaikumus salam Baban Ummi, sannu da jiki. Ni ɓangaren abinci na karanta, kuma ina karanta bayaninka tun kafin in kai ƙarshe na san me takarda ta biyu zata nuna. Ba'a canza maka takarda ba, taka ce.

Abu biyu ne ke damunka ba ɗaya ba, kai kuma ɗaya ka yiwa magani ka ciyar da ɗayan. LDL abinda yafi ɗaga shi shine daskararren kitse, irin na jan nama da bota da cuku, shiyasa da ka bari ya sauko. Shi kuwa tiraigilisarayid hanta na ƙera shi daga sukari da sitacin da suka yiwa jiki yawa, duk abinda ka ci baka ƙona ba sai ta maida shi kitse ta zuba a jini. Kaga kenan ko ɗigon mai baka taɓa ba zai iya hawa, kuma in ya hau yawanci HDL sauka yake, daidai abinda ya faru da kai.

Bari mu lissafa maka na rana ɗaya kawai. Babban cokalin zuma yana da sukari wajen giram 17, biyu 34 kenan. Kofi ɗaya na jus ɗin lemu ko ba'a ƙara masa komai ba sukarinsa ya wuce giram 20, uku sun wuce 60. Kana neman giram 100 tun ba'a sa biskit a lissafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma cewa tayi irin wannan sukarin kar ya kai kashi 10 cikin 100 na abincin yini, wajen giram 50 ga mai cin kalori 2000, in da hali ma a tsaya a 25, ƙaramin cokali shida. Kuma a lissafinsu zuma da jus duk a ciki suke, hanta bata san bambancin zuma da farin sukari ba. Wannan rubutun na ba'a ƙara sukari ba gaskiya ne, basu ƙara ba, na cikin lemun ne ya isa, an matse an zubar da dusar da zata sa ya shiga jini a hankali. Ka ci lemun da kansa, da wuya ka iya cinye guda shida a zama ɗaya amma a kofi sai ka shanye ruwansu baka ji komai ba.

Da nice kai jus da biskit zan fara sallama yau ɗinnan. Shinkafa da taliya ba sai ka bari ba, ka raba farantin, rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko kaza mara fata, kwata ɗin da ya rage shine na shinkafar. Yunwar da kake ji ma daga nan take, farin burodi zalla awa biyu ya narke ya barka.

Abu Safwan kayi haƙuri ɗan'uwa, ruwan ɗumi maiƙon kwano yake narkarwa banda na jijiya. Tafarnuwa a girki ba laifi amma ba ita zata sauko da 310 ba, cire mai gaba ɗaya kuma shine ramin da ya riga ya faɗa.

Tambaya ɗaya, ka ci wani abu kafin a ɗebi jinin? Shi wannan kitsen yana hawa bayan cin abinci, shiyasa in ana son a tabbatar ake cewa mutum yayi awa 9 zuwa 12 ba komai sai ruwa.

Baban Ummi:

Hajiya nagode Allah ya saka da alheri. Duka biyun da safe aka ɗiba ban karya ba. Kai, ashe zumar da nake taƙama da ita ce. To ƙwai fa, in dawo dashi? Kuma wane mai zan cewa madam ta siyo, na ga wani an rubuta babu kolestarol a jikin robar.

Kawu Mai Keke:

Hhh wannan rubutun na jikin roba nima ya taɓa cin kuɗina. Ai duk man da aka matso daga tsiro haka yake, kolestarol daga dabba yake zuwa, kamar a rubuta babu ƙashi ne a jikin ayaba. Abinda zaka juya bayan robar ka duba shine yawan daskararren kitsen. Man kwakwa da ake ta yayi yanzu sama da kashi 80 nasa daskararre ne, ya ma fi bota, man zaitun kuwa wajen 14 ne kawai. Ni dabarar da nake bi mai sauƙi ce, man da yake zama ruwa ko gari yayi sanyi kamar na zaitun, na gyaɗa, na waken soya, shi nake ɗauka, wanda ke daskarewa a kwalba in bar musu abinsu. Amma shima da cokali ake zubawa ba a kwarara ba.

Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka tace mai son sauko da LDL ya tsaya wajen giram 13 na daskararren kitse a rana, babban cokalin bota ɗaya kuma giram 7 ne, kaga biyu sun cinye maka kason yini. Mafi muni shine kitsen da ake cewa tirans, man da kamfani ya sarrafa ya daskarar don kek da biskit su daɗe a kanta basu lalace ba, shi yana ɗaga LDL kuma ya sauke HDL lokaci ɗaya.

Maganar ƙwai, eh gwaiduwa ɗaya tana da kolestarol wajen miligiram 186, amma mafi yawan wanda ke yawo a jininka hantarka ce ta haɗa shi ba daga faranti yazo ba. Nawa likitan cewa yayi dafaffe ɗaya ba matsala ba kullum ba, matsalar a soya uku cikin bota a dangwala da farin burodi. In akwai ciwon suga ne ake ƙara takatsantsan.

Abinda ni ya min aiki sosai ba abinda na cire bane, abinda na ƙara ne. Hatsin ots da safe, wake kusan kullum, sai tuffa da ɓawonta. Akwai wata irin faiba a cikinsu mai yauƙi, in ka bar ots ya huce a kwano zaka ga ya yi danƙo, to wannan danƙon shine yake kama ruwan maɗaciya a hanji ya fita dashi ta bayan gida, ita kuma hanta dole ta jawo kolestarol daga jini ta haɗa sabo. Giram 5 zuwa 10 a rana ake so. Gargaɗi dai, ka fara kaɗan kaɗan kasha ruwa sosai, ni da na afka wa wake lokaci ɗaya sati guda ina neman kujerar kusa da taga a ofis.

Ummu Aiman:

Ni a famasi nake aiki, zan ɗan ƙara akan abinda suka faɗa.

Ma'aunin da ake bi ga tiraigilisarayid, ƙasa da 150 lafiya, 150 zuwa 199 bakin iyaka, 200 zuwa 499 yayi yawa, daga 500 kuwa magana ta canza don ana tsoron kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, ciwon ciki ne mai tsanani da ke kwantar da mutum a asibiti. Kai kana 310, ba gaggawa bane amma ba na ajiyewa sai shekara bane. Masu karantawa da takardarsu ta fito da ƙananan lambobi kamar 1.7 ko 5.2 kar ku rikice, wani ma'aunin ne, 150 ɗin shine 1.7, kolestarol 200 kuma shine 5.2.

In ka koma ka roƙi likita ya duba maka suga da tayirod na maƙogwaro da ƙoda. Sau da yawa hawan wannan kitsen shine alamar farko ta suga da bata riga ta bayyana ba, musamman in akwai tumbi. Ka kuma kai masa duk maganin da kake sha, wasu na hawan jini da sitiroyid suna ɗaga shi. Mai shan giya kuma ita ce abin farko da zai ajiye.

Kifi mai maiƙo kamar sadin ko makarel ko salmon sau biyu a sati, gasashshe ko dafaffe ba soyayye ba. Amma kar ka ruga ka kwaso robar man kifi, kullum sai an zo min da wannan. Wanda aka gwada yana sauko da kitsen da gaske giram 4 ne a rana kuma likita ke rubuta shi, ƙwayar da ake saya ba takardar likita kuwa omega 3 ɗin cikinta, wato kitsen kifin mai amfani, bai taka kara ya karya ba. Tafiya da sauri minti 30 kwana biyar a sati tafi maka ita, kuma in nauyinka ya ragu da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 shi kaɗai yakan sauko da tiraigilisarayid wajen kashi 20.

Sai abinda mutane basa son ji. Wani duk ƙoƙarin da zaiyi da abinci LDL ba zai sauko inda ake so ba saboda gado ne, kusan mutum 1 cikin 250 haka aka haife shi, sai kaga siriri ɗan shekara talatin LDL ɗinsa ya wuce 190. Akwai wanda ya samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki da ƙuruciya a danginku? In akwai ka faɗa masa. In ya rubuta maka sitatin, maganin sauko da kolestarol, ka sha, ba faɗuwa jarabawa bace, kawai ka tambaya game da lemon garehul don baya jituwa da wasu daga cikinsu.

Baban Ummi:

Mahaifina yana da 52 zuciya ta buga masa, ban taɓa haɗa abin da wannan ba wlh. Zan faɗa masa ranar Litinin, harda gwajin sugan. Jus ɗin kwali biyu suka rage a durowa na bawa yaron ofis ɗinmu yanzu. Maman Hanif wai madam tace in tambaye ki, shayin nawa haka zan sha shi salam ba zuma ba sukari?

Maman Hanif:

Ƙaramin cokali ɗaya, a shafe ba a tula ba. Sati biyu harshenka zai saba. Kuma ka gaishe min da madam, kace ta sauke tukunya ta biyun, abincin nan kowa a gidan zai iya ci.