Neman kalmar Hausa: takardar halal da yardar ƙasashe

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum. Gobe zan gabatar da shiri nan Maradi kan fitar da nama zuwa waje, kuma kalmomin Faransanci biyu sun tsaya mini, "certification halal" da "reconnaissance mutuelle". Hukumar SMIIC, mai kula da ma'aunin ingancin kaya na ƙasashen Musulmi, mai mazauni a Istanbul, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta tsara ƙa'idojin halal na bai ɗaya, amma har yanzu hukumomin da ke kula da shaidar halal, wato JAKIM ta Malesiya da BPJPH ta Indonesiya, kowace tana da jerin hukumomin waje da take karɓar takardarsu.

Malamar makaranta: Malam, ta farko "takardar shaidar halal" ce, ta biyu kuma "amincewa da shaidar juna".

Dattijo mai fassara: 'Yata, tsawonta ya yi yawa ga bakin mai karanta labarai. Ni na daɗe ina cewa "hatimin halas", domin hatimi ake bugawa a jikin kwali, kuma "halas" muka gada, wannan "halal" baƙuwa ce da ta shigo da kayan gwangwani.

Dillalin dabbobi: Baba, hatimi alama ce kawai. Abin da mai saye ke biya shi ne binciken mahauta, ko an sumar da dabba kafin yanka, ko inji ne ya yanka kaji, domin nan ne ƙasashen suka saɓa. A Kano "satifiket" suke cewa, kuma ciniki na tafiya.

Dattijo mai fassara: Alhaji, don Kano ta fi mu gidajen rediyo ba shi ne za mu aro Ingilishi daga bakinsu ba. Katsinawan Maradi ba su taɓa rancen Hausa wurin kowa ba.

Malamar makaranta: Baba, ita ma "hatimi" ai daga Larabci ta zo.

Dattijo mai fassara: Ta zo, amma ta tsufa a gidanmu.

Mai shirin rediyo: Zan ɗauki "takardar shaidar halal" ga binciken da sakamakonsa, "hatimi" kuma ga alamar da ke jikin kaya. Ta biyun, wato "amincewa da shaidar juna", ba ta kwanta mini ba, domin "juna" na nuna kowane ɓangare ya yarda da ɗaya, alhali sau da yawa ƙasar da ke saye ce kaɗai ke tantancewa.

Dattijo mai fassara: To, ka ce "halas" ko sau ɗaya a cikin shirin, zan saurara.