An rubuta min "tana da zafi" a takardar tantance aiki, in sa hannu?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shekarata huɗu a kamfanin da nake. Makon jiya aka raba mana takardar tantance ƙwazo ta ƙarshen shekara. Ni da wani abokin aikina aiki ɗaya muka yi, da ya tafi hutu ma ni na riƙe komai. Shi da kansa ya nuna min tasa: "jajirtacce, ya cancanci ƙarin girma." Tawa kuwa: "tana ƙoƙari, amma tana da zafi, ta rage kaifin baki." Ko layi ɗaya babu a kan aikin. Abin da ya fi ƙona min rai, shi ne mai buga tebur a taro. Ni sau ɗaya na ce lissafinsa bai daidaita ba, kuma bai daidaita ba ɗin. Oga ya ce in sa hannu kafin Juma'a.

Wata tsohuwar ma'aikaciya: Ƙanwata, kar ki ƙi sa hannu cikin fushi, sai ki ba su hujjar da suke nema. Ki rubuta kusa da sa hannun cewa kin karanta amma kina da ƙorafi. Sannan ki sami ogan, murya ƙasa-ƙasa: "Ranka ya daɗe, a wane taro na yi zafin? Me zan gyara?" In ya hau kame-kame, kin samu amsa. Ki tafi da jerin ayyukan da kika kammala, da ranaku da adadi, ki roƙi a haɗa da takardar. Ni sai da na ƙone sau biyu kafin na fara ajiye irin wannan littafi.

Wani ɗan uwa: Malama, ki yi haƙuri, amma ba komai ne wariya ba. Wataƙila da gaske kina da faɗa.

Wata malama: To Malam, mai buga teburin fa? Ai abin ba a kanta aka fara ba. A 2014 wata masaniyar harshe, Kieran Snyder, ta duba irin waɗannan takardu 248 daga kamfanonin fasaha, ta ga sukar hali kusan duk a kan mata take sauka, maza kuwa aikinsu ake gyara musu. A 2012 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun aika wa malaman kimiyya takardar neman aiki iri ɗaya sak, wata da sunan John, wata Jennifer. John ya fi samun maki, albashin da aka yanka masa ma ya fi da kusan dala 4,000. Matan cikin malaman ma haka suka yi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na zauna na lissafo ayyuka tara. Gobe da safe zan shiga ofishinsa, sai dai gabana na faɗuwa. In tafi ni kaɗai, ko in nemi wani daga sashen ma'aikata ya zauna da mu?