Yaya ya kira ni mai zuga, wai zagi ne?

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara, kwana biyu ban runtsa ba. Ƙannena biyu ke rigima kan gado tun bara, kuma ni ce babba a mata, ni na goye su duka. Ranar Laraba ƙaramin ya kira ni har da kuka, na ce masa kada ya yarda a danne masa haƙƙi. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Washegari ya je ya wanke wansa tas. Yanzu Yaya ya ce a gaban kowa ni ce mai zuga. Wai ina asalin kalmar nan? Zagi ne? In kai ƙara gun Baba ko in yi shiru?

Jikan Maƙeri: Baiwar Allah, daga maƙera kalmar ta fito. Zugazugi shi ne fatar da ake matsawa iska ta shiga gawayi, aikin kuma shi ne zuga. Ki lura, mai zuga ba shi ya kunna wutar ba, ba shi ke riƙe da guduma ba. Garwashi ya tarar, ya yi ta ba shi iska har ƙarfe ya yi jawur. Haka iza wuta, tura itacen da ya riga ya kama ne. Yayanki bai ce ke kika haddasa ba, cewa ya yi kin ƙara iska.

Maman Biyu: Ke gara ke. Ni fitinanniya ƙanwar mijina ta kira ni, shekara uku ke nan ko gaisawa ba ma yi, shi kuwa maigidan ko a jikinsa.

Jikan Maƙeri: Ita ma fitina wuta ce a asali. A Larabci, sanya zinariya a wuta ne don a ware ta daga gami. Daga nan ta zama jarrabawa, sannan tashin hankali.

Bawan Allah: Ki kai ƙara yau, shiru amsa laifi ne.

Maman Biyu: A'a, kada ki tayar wa tsoho hankali. Ki ba Yaya haƙuri kawai.

Mai tambaya: Haƙurin me? Ni fa gaskiya na faɗa wa yaron.

Jikan Maƙeri: Ai ba a ce ƙarya kika yi ba. Da kin kira wan nasa shi ma kin ji ta bakinsa?

Mai tambaya: Ba ya ɗaukar wayata tun bara. Ku dai ba ku san halin gidanmu ba ne.