Agbo magani ne ko giya? Gardama a zauren matan Agege

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum. Jiya a wurin awo nas ta hana ƙanwata shan agbo, wai zai taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Ni dai ban yarda ba. Saiwa ce da sassaƙe, maƙwabtanmu Yarbawa suna sha su haihu lafiya lau.

Hajiya Babba: Faɗa musu dai, 'yata. Mu da ko warin giya ba mu sani ba, ina ruwanmu da wannan zance?

Anti Nas: Hajiya, a yi min haƙuri, ruwanmu ne. Agbo iri biyu ne, akwai wanda ake dafawa da ruwa, akwai wanda ake jiƙawa a ogogoro, wato giyar gargajiya mai ƙarfi. Na biyun, ko saiwa nawa aka zuba, barasa ce. Tana ratsa mabiyiya ta shiga jinin ɗan tayi, hantarsa kuwa ba ta yi ƙwarin da za ta narkar da ita ba. Na ruwan ma ban wanke shi ba, don ba a san abin da ke ciki ba.

Maman 'Yan Biyu: To ina yaran da suka lalace? Ni ban ga ko ɗaya ba.

Anti Nas: Ba ki san abin dubawa ba ne. Tun 1973 likitoci biyu a Amurka, Jones da Smith, suka raɗa wa matsalar da barasa ke jawo wa jariri suna. Ga alamominta: ƙaramin kai, siririn leɓen sama, kwarmin ƙasan hanci a shafe, ƙananan idanu. Amma yawancin yaran da abin ya shafa fuskarsu ƙalau take. Sai an daɗe a ga jinkirin magana, mantuwa, rashin natsuwa. A gaya masa abu yanzu, an jima kamar ba a yi ba, a ce taurin kai ne a hau duka.

Malamar Islamiyya: Ni da kun bar leƙen gidan Yarbawa. Kodin da tiramol fa? Gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin tun 2018, har yau yana shiga ɗakunan matan aure. Binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar ya ce cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye a ƙasar nan, ɗaya mace ce.

Hajiya Babba: Subhanallahi! Irin waɗannan a ƙwace kwalbar yau-yau, ba lallashi.

Anti Nas: Nan kam ban bi ki ba, Hajiya. Mai cikin da jikinta ya saba da kodin ko tiramol, in ta yanke farat ɗaya tana iya ɓari ko naƙudar da lokacinta bai yi ba. Likita take buƙata. Kuma a faɗa masa gaskiya, don jaririn kan fara kuka mai tsini, karkarwa, zawo da ƙin nono cikin kwana ukun farko. A gida sai a ce mayu ne, alhali a asibiti ana maganinsa. Gori shi ke sa su ɓoyewa.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanwata fa rabin murfin agbon take sha saboda ciwon baya, kuma cikin ya kai wata biyar.

Anti Nas: Ba a san wani adadi da za a ce ba ya cutarwa ba. Ta bari daga yau, ƙwaƙwalwa na ci gaba da ginuwa har haihuwa, ba a makara ba. Ciwon bayan ta faɗa a awo. Bayan haihuwa in kun ga jinkirin zama ko magana, ku kai yaron LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba da wuri.

Maman 'Yan Biyu: To, zan gaya mata. Sai dai surukarta ce ke sayo mata. Hajiya, ke ce babba, ko za ki raka ni gidan gobe bayan la'asar?