Yarana sun ce in ba shinkafa ba a yi abinci ba

Maman Walid, Zariya:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Mu tara ne a gida: ni, maigida, yara shida da Inna mahaifiyarsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 muka bar sayen buhun shinkafa muka koma awo, yanzu awon ma sai an yi da gaske. To yaran nan ba su san wani abinci ba sai ita. Shekaranjiya na tuƙa tuwon masara da miyar kuka, autana ya leƙa tukunya ya ce, "Mama, yau ba a yi abinci ba?" Inna ta yi ta dariya, ta ce su a zamaninsu sai ranar Sallah ake ganin shinkafa. Ni kam abin bai ba ni dariya ba, don rabin tuwon nan awaki suka ci. Me kuke dafawa da ke ƙosarwa, yara kuma su ci ba da rigima ba?

Hajiya Mai Koko, Saminaka:
Wa alaikumus salam 'yata. Ke ma da laifinki, masara ai ba tuwo kaɗai ake yi da ita ba. Ki kai a surfa, a ɓarza miki rabi ya zama tsaki, rabin a niƙa gari. Da tsakin nan ki yi dambu da zogale, ki zuba mai da albasa da ƙuli-ƙuli. Wata rana ki yi fate da alayyafo da ɗan yakuwa. Mai ɗan manyan ƙwaya kuwa ki turara shi ya yi warwar, ki zuba masa miyar dage-dage, ba za su nemi shinkafa ba. In za ki tuƙa tuwo, ki sa garin alabo kaɗan a cikin na masarar, zai yi laushi da danƙo, ɗumamensa ma ya fi daɗi da safe. Kuma da kaka ake sayen masara, a shanya ta bushe sosai kafin a ɗinke buhu, in ba haka ba ƙwari su riga ki.

Ɗanjuma Direba:
Hajiya ta gama magana. Ni kayan gona nake ɗaukowa, abin da zan ƙara shi ne lokaci. Doya tana arha in sabuwa ta fito daga Zaki Biam da ƙasar Nupe, amma daga bazara sai mai hali. Dankalin turawa na Bokkos da Mangu ma haka yake. Dankalin Hausa ne abokin talaka, a haɗa shi da wake da manja. Agada kuwa ki cire ta a lissafi. A Uganda ita ce tuwonsu, don a bayan ɗaki take fitowa. Mu daga Kudu ake kawo mana, kuɗin mota ya riga ya cinye arharta.

Sista Rabi:
Yaya, ki kula da rogo. Akwai mai ɗaci da ke da guba, sai an fere shi an jiƙa kwanaki an shanya. Mai zaƙin ake dafawa a ci da yaji. Kuma rogo da garin kwaki cika ciki kawai suke yi, ki riƙa haɗa wa yara da wake ko gyaɗa.

Maman Walid:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, na yi dambun yau, Inna ce ma ta karɓi madambacin ta ce ban iya ba. Biyar sun cinye har da neman ƙari. Autan dai ya tsince zogalen tas ya tara a gefen kwano. Shi tsakin miyar dage-dagen, jiƙa shi ake fara yi ko turarawa kai tsaye?