Yarona ya ƙi saka gilashin ido, na rasa yadda zan yi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Likita ya rubuta wa yarona ɗan shekara 4 gilashi. Tun yana rarrafe nake cewa idon nan na hagu yana karkacewa, kakarsa ta ce zai miƙe, babansa ya ce na cika tsoro, har muka yi kwana biyu ba ma magana. Yanzu ina ɗora masa sai ya fizge ya wurga ƙarƙashin kujera. Na yi lallashi, na yi tsawa, na ce in ya wuni da shi zan ba shi wayata. Mako uku ke nan. Don Allah a taimaka.

Wani malami: Wa alaikumus salam. Hajiya, wuni guda kika nema, shi ne kuskurenki. A 1943 masanin halayya B.F. Skinner ya koya wa tattabara tura ƙwallo da baki. Da ya gaji da jiran ta tura, sai ya fara ba ta lada in ta yi wani motsi da ya yi kama da haka, yana ƙara tsananta sharaɗin ladan kaɗan-kaɗan. A 1964 masu bincike Wolf da Risley da Mees sun wallafa yadda suka bi wannan hanya a Amurka da yaro ɗan shekara uku da rabi mai ƙin gilashi. Da firam zalla suka fara, wato babu gilashi a ciki. Ya ɗauka, lada. Ya kai fuska, lada. Ladan kuma nan take ne, ba da yamma ba.

Maman 'yan biyu: Ke kin ma gode Allah babansa ya saya. Ni shekara guda ina fama a duba kunnen 'yata.

Wata 'yar uwa: Malam, ɗan mutum ba tattabara ba ne. Na saba wa nawa da lada, yanzu ko takalmi ba ya ɗaukowa sai ya ce "me za ki ba ni?" Ki ɗaura masa da igiyar gilashi, zai gaji.

Wani malami: Ba ki janye ladan a hankali ba ne. Hali in ya zauna, sai a koma bayarwa jefi-jefi. Hajiya, gobe ki fara da daƙiƙa biyar, ki tafa masa.

Mai tambaya: Ai ina ba shi lada, Malam, na faɗa. Kuma likita cewa ya yi kullum, ba daƙiƙa biyar ba. Ni ina da aiki.

Wata 'yar uwa: An ma duba ko firam ɗin yana matse masa bayan kunne?

Mai tambaya: Babansa ne ya zaɓo.