Kwana goma a kwali, kwana uku a hannu

Bashir: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na sayar da tsohon agogona na motsa jiki, wanda yakan kai kusan mako biyu bai nemi caji ba, na cika kuɗi na ɗauko sabo mai fuska irin ta waya. A jikin kwali an rubuta kwana goma, amma bai taɓa wuce kwana uku a hannuna ba. Jiya kuwa ina sassarfa bayan sallar asuba ya mutu a kilomita ta shida, lissafin gudun duk ya tafi. Ba zan ambaci kamfanin ba, amma ni dai a wurina wannan yaudara ce.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Bashir, yaudara kalma ce mai nauyi. Koma ka duba kwalin, na tabbata "har zuwa kwana goma" aka rubuta, kuma lissafin wanda fuskar agogonsa ke mutuwa da zarar ya sauke hannu ne. Idan ka bar fuskar a kunne dare da rana, ka kunna awon iskar oksijin ta jini lokacin barci, wato jar fitilar nan da ke haska fatar hannu, sannan kullum GPS yana magana da tauraron ɗan'adam na awa guda, ai kai ka cinye batirin da hannunka.

Hajiya Rabi: Malam, da girmanka, ban yarda ba. Mai hatsin da ya auna maka da kwano mai lotsattsen gindi bai faɗi ƙarya da baki ba, amma kowa ya san sunan abin da ya yi. A rubuta kwana goma da manyan baƙaƙe, a tura sharuɗɗan can cikin ɗan littafin da ba wanda ke karantawa, in ba yaudara ba mene ne?

Malam Sani: Hajiya, talla sunansa. Yaudara sai an ɓoye, su kuwa sun rubuta.

Injiniya Kabiru: Ku bari in kawo alƙaluma. Garmin ta fitar da Forerunner 255 a 2022 da tsohuwar fuska wadda hasken rana ke bayyana rubutunta, ta ce yana kai kwana 14, ko awa 30 idan GPS na aiki. A 2023 ta fitar da 265 mai fuskar AMOLED, wadda kowane ɗigo a cikinta shi ke samar da haskensa, ta ce kwana 13, amma na GPS ya sauko zuwa awa 20. Kun ga an sayi kyan fuska da awa goma na gudu. Apple kuwa tun agogonta na farko a 2015 awa 18 take faɗa, shekara da shekaru ba ta ƙara ba in ban da samfurin Ultra, sai a Series 11 ta ce awa 24. Wanda ya faɗi awa 18 ƙarara ba za a kira shi mayaudari ba.

Usman: Injiniya, dama na san nan za ka ɓullo, tunda duk abin da ke aljihunka mai tambarin tuffa ne. Abin da ba ya kwana biyu a hannu ai bai cancanci a kira shi agogo ba. An ce yana auna barci, to yaushe zai auna alhali da dare yana kan caja? Mu da wuta kan yi kwana biyu ba ta leƙo unguwarmu ba, sai mu tayar da janareto saboda agogo?

Injiniya Kabiru: Ina saka nawa a caji lokacin wanka da karin kumallo, ya wadatar. Kuma da shi nake amsa kira, wanda naka mai fuska kamar kalkuletar 'yan firamare ba zai iya ba.

Usman: Kalkuletar nan Instinct 2 Solar ce, kamfanin ya ce idan tana samun awa uku na rana mai ƙarfi kullum ba ta buƙatar caja. Rana kuwa a Sakkwato ba saye muke yi ba.

Hajiya Rabi: Ga wata yaudarar kuma. Ƙanina, kai da kullum hannun kaftani ya rufe maka agogo, kana zaune a ofis daga safe zuwa la'asar, ina ka samo awa ukun?

Malam Sani: Hajiya, kin sake maimaita kalmar. Sharaɗin da aka bayyana ba ya zama yaudara don mai saye bai cika shi ba.

Bashir: Jama'a, har yanzu ba wanda ya gaya mini ko in mayar da agogon ko in riƙe.

Usman: Bari in tattara abin da aka tattauna. Kusan kowa ya amince cewa fuska mai ƙyalli ita ce ɓarauniyar batir, kuma alƙaluman Injiniya da kansa sun nuna tsohuwar fuska ta fi amfani ga mai gudu. Batun amsa kira da agogo ado ne kawai. Maganar hannun kaftani kuwa ba hujja ba ce, domin ana naɗe shi. Bashir, ka nemi mai caji da rana.

Injiniya Kabiru: Ban amince da ko ɗaya ba, kuma kada a jingina mini abin da ban faɗa ba. Forerunner 965 ma AMOLED ce, an ce yana kai kwana 23, alhali 955 mai tsohuwar fuska kwana 15 ne.

Hajiya Rabi: "An ce" ɗin nan ai ita muke magana a kai tun safe, Injiniya.